Yawan Kwana a Gado Ba Shi Ke Warkar da Karayar Ƙugu Ba

Akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja. Idan tsohuwa ta zame ta karye a ƙugu, aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, sai ka tarar 'ya'ya da surukai da masu zuwa dubiya duk bakinsu ɗaya: a bar ta ta kwanta, kada a motsa ta, kada a yi gaggawar sallama, sai ƙashi ya haɗe sarai. Ranar da likita ya ce a fara shirin tafiya gida, sai fuskoki su canza. "Haba likita, ai ko sati biyu Inna ba ta yi ba." A bakin baranda kuma a ci gaba da ƙus-ƙus, wannan ya ce gadon ake so a ba wani, wancan ya ce an ga kuɗinmu ya ƙare ne. A tunanin mutane da yawa, asibitin da ya riƙe tsohuwa wata biyu shi ne ya kula da ita, wanda ya tashe ta tsaye washegarin aiki kuwa bai san darajar tsufa ba.

Ba na ganin laifin masu wannan ra'ayi. Ƙauna ce ta haife shi, da kunyar kada a ce an gaji da jinyar uwa. Kuma yana da tushe a abin da ido ya saba gani: yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, maɗori ya ɗaure, aka hana shi wasa, bayan 'yan makonni hannu ya koma kamar ba a taɓa ba. Wanda ya ga haka sau da yawa, dole ya ɗauka cewa maganin kowace karaya shi ne zama wuri ɗaya. Sai dai ƙugun mai shekara saba'in da biyar ba hannun ɗan shekara goma ba ne, kuma ina ganin wannan fahimta, duk da kyakkyawar niyyar da ke bayanta, tana cutar da iyayenmu fiye da yadda muke zato.

A fara da ƙashin kansa. Abin da muke kira karayar ƙugu yawanci a saman ƙashin cinya take, kusa da inda kansa mai kama da ƙwallo ya shiga cikin kwatangwalo. Tsakanin wannan kai da sauran ƙashin akwai ɗan siririn wuya, kuma jijiyoyin da ke kai wa kan jini ta jikin wuyan suke bi. Idan wuyan ya karye ya goce, sau da yawa jijiyoyin sun tsinke ke nan. Ƙashin da ba ya samun jini ba ya haɗewa, ko da za a kwantar da mai shi shekara. Shi ya sa a irin wannan karaya likitocin ƙashi kan cire kan gaba ɗaya su sa na ƙarfe. Idan kuma karayar ta sauko ƙasa da wuyan, inda jini ke wadace, ƙashin zai iya haɗewa, amma sai an ɗaure shi da kusa da faranti ko sandar ƙarfe ta ciki, don nauyin jiki da ƙarfin tsokar cinya kada su riƙa gotar da shi. Hannun maɗori, komai gwanintarsa, ba ya kaiwa can, saboda wurin yana binne cikin tsoka mai kauri. Alamar da kowa zai iya gani ita ce ƙafar ta gajarce, tafin kuma ya kwanta ta waje, mai ita ba ta iya ɗaga ta.

To me ake nufi da aikin? A nan ne rashin fahimtar ta fi yawa. Mu a ganinmu ana yin aiki ne don a gyara ƙashi, sannan a kwanta a jira. Su kuwa masu yin aikin, babban burinsu shi ne su kashe raɗaɗin su kuma ƙarfafa ƙafar yadda tsohuwa za ta iya taka ta tun kafin ƙashin ya haɗe. Ƙarfen ne zai ɗauki nauyin a makonnin farko. Wanda aka yi wa wannan aiki sannan aka bar shi kwance wata guda, an biya kuɗin abu an ƙi amfani da shi.

Dalilin wannan gaggawa shi ne gadon kansa yana da haɗari ga tsoho. Tun 1947 wani likitan Ingila mai suna Richard Asher ya rubuta maƙala a mujallar likitocin Birtaniya yana jan kunnen abokan aikinsa a kan illar kwantar da majinyata ba gaira ba dalili. Bayan shekara sittin, a 2007, masu bincike a jihar Akansas ta Amurka suka auna abin da awo. Suka samu tsofaffi 12 masu cikakkiyar lafiya, matsakaicin shekarunsu 67, suka kwantar da su kwana 10 ana ba su abinci mai kyau. Da suka tashi, a matsakaici kowanne ya yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu, ƙarfin gwiwa kuma ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Waɗannan masu lafiya ne, babu karaya, babu ciwo, babu zazzaɓi. A ƙiyasta abin da kwana 40 za su yi wa tsohuwar da dama can da sanda take zuwa makewayi. Jikin tsoho kamar ginin ƙasa yake, muddin ana zaune a ciki ana yaɓe yana nan, ranar da aka rufe shi aka bar shi, damina ɗaya ta ishe shi.

Tsoka ma ita ce ƙaramar asara. Wanda ke kwance a rigingine ba ya cika huhunsa da iska, majina ta taru a ƙasa, sai ciwon huhu ya shigo. Jini yana daskarewa a jijiyoyin ƙafar da ba ta motsi, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum ya cika farat ɗaya ana cikin hira da shi. Robar fitsari da aka bari kwanaki tana jawo ciwon mafitsara. Ga kuma gyambon kwanciya, wanda duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san shi. Yakan fara ne da ɗan ja ko duhu a diddige ko a ƙashin gindi, wurin da ba a cika dubawa ba saboda kunya. Mai jinya ta shafa man zafi ta gyara zane. Bayan kwana uku fata ta saluɓe, bayan mako ta zama rami mai ruwa da wari, har a wasu lokuta a hango ƙashi. Gyambon da kwana biyar suka haƙa yana iya cin wata shida bai cike ba, wani kuma shi ke zama ajali.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato ruɗewa. Tsoho mai hankalinsa, wanda jiya yake lissafin kuɗin gonarsa, sai a wayi gari bai gane 'yarsa ba, yana fizge robar ruwa yana cewa a kai shi kasuwa, ko kuma ya yi shiru yana ta barci. Mu kan ce tsufa ne ya zo, wasu su ce iska ce. Alhali sau da yawa raɗaɗi ne da rashin barci da ƙishirwa da baƙon wuri suka taru a kansa, kuma kowane ƙarin dare a ɗakin da fitila ba ta mutuwa, ana ta shige da fice, yana ƙara rura abin. Binciken ƙasashe da dama ya nuna cewa cikin tsofaffi goma da suka karye a ƙugu, biyu zuwa uku ba sa cika shekara guda a raye. Ajali na hannun Allah, babu mai ja. Amma idan aka bi sababin, akasari irin waɗannan cututtuka ake tararwa, ba ƙashin ba.

Ingila ta daɗe da gane haka. Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, a garin Hestins, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka fara duba irin waɗannan majinyata tare, a yi aiki da wuri, a tayar da mutum da wuri. A 2007 aka kafa rajistar ƙasa da ke bin diddigin kowace karayar ƙugu a asibitocin ƙasar. A 2010 aka ɗaura wani kaso na kuɗin da ake biyan asibiti a kan cika sharuɗɗa, ciki har da yin aiki kafin awa 36 da kuma ganin likitan tsofaffi. A 2011 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta rubuta cewa a yi aiki ranar da aka kawo majinyaci ko washegari, a kuma fara tayar da shi washegarin aikin. Mace-macen da ake samu cikin kwana 30 na farko suka sauko daga kusan kashi 11 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 7 a cikin kimanin shekara goma. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Tsarin aikin aka gyara. A lardin Ontariyo na Kanada ma, nazarin da aka buga a 2017 a kan mutum sama da 42,000 ya nuna cewa waɗanda suka jira aiki fiye da awa 24 sun fi mutuwa cikin wata guda, kashi 6.5 a kan kashi 5.8.

Ya kamata a san yadda wannan tayarwa take, domin ita ce iyalai suka fi tsana. Da safe mai gashin ƙashi zai zo bayan an ba da maganin raɗaɗi. Ya ɗaga kan gadon, ya zuro ƙafafun tsohuwa ƙasa a hankali, ya zaunar da ita a bakin gado. Jiri zai ɗebe ta, ta riƙe hannunsa gam tana salati, ta ce a ƙyale ta. 'Yarta da ke tsaye a gefe idonta ya cika da ƙwalla, tana ji kamar ta ture shi. Ya jira jirin ya lafa, ya kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ce, "Hajiya, bismillah, a taka." Ta miƙe, ta yi taku biyu ko uku zuwa kujera, ta zauna tana haki. Abin da aka yi ke nan a ranar, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Huhu ya buɗe, jini ya zaga, baya ya huta da katifa, ita kuma ta gani da idonta cewa ƙafar za ta ɗauke ta. Ɗan da ya hana a yi wannan saboda tausayi, ina roƙonsa ya sake tunani.

Yanzu bari in zo inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya, don suna da ita, kuma ba kaɗan ba. A 2015 Peter Nordström da abokan aikinsa na jami'ar Umeya a Suwidin suka buga nazari a mujallar likitocin Birtaniya, wato BMJ, a kan mutum 116,111 masu shekara 50 zuwa sama da suka karye a ƙugu tsakanin 2006 da 2012. A wannan tsakanin matsakaicin zaman asibiti ya ragu daga kwana 14.2 zuwa 11.6. Suka gano cewa waɗanda aka sallama cikin kwana 5 ko ƙasa da haka, haɗarin mutuwarsu cikin wata guda bayan sallama ya ninka na waɗanda suka yi kwana 15 ko fiye. A cikin waɗanda ba su wuce kwana 10 ba, kowane kwana ɗaya da aka rage yana tafe da ƙarin haɗari. Duk mai cewa a bar Inna ta ƙara kwana zai iya ɗaga wannan takarda ya ce ga hujjata.

Amma a 2015 ɗin, a wannan mujallar, sai ga wani nazari daga jami'ar Rocesta a kan mutum 188,208 a jihar Niyok ta Amurka, daga 2000 zuwa 2011. A can zaman asibiti ya faɗo daga kwana 12.9 zuwa 5.6, sakamakon kuma ya juye. Waɗanda suka yi kwana 11 zuwa 14 sun fi waɗanda suka yi kwana 1 zuwa 5 haɗarin mutuwa da kashi 32 cikin 100, waɗanda suka haura kwana 14 kuwa haɗarinsu ya ninka.

Karaya iri ɗaya, aiki iri ɗaya, ƙasashe biyu masu arziki, amsa biyu masu karo da juna. Da a ce kwanakin ne ke warkarwa ko kashewa, da hakan ba ta faru ba. Abin da ya bambanta su shi ne abin da ake yi a cikin kwanakin, da inda mutum ke zuwa bayan sallama. A Amurka mafi yawan waɗanda aka sallama da wuri ba gida suke komawa ba, wata cibiya ake mayar da su inda ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi ke ci gaba da aiki a kansu kullum. Wanda ya daɗe a asibiti a can, galibi wata matsala ce ta riƙe shi, ciwon huhu ko zuciya ko ƙoda, kuma ita ce ke bin sa har bayan sallama. A Suwidin kuwa wani ɓangare mai yawa na koyon tafiya da kulawar likitocin tsofaffi a cikin asibitin ake yin sa, saboda haka rage kwana yana iya zama rage jinyar kanta. Dukkan nazarin biyu bin bayanan rajista suka yi, ba gwaji ba ne da aka raba mutane gida biyu, don haka babu wanda zai ce ya yanke hukunci na ƙarshe. Amma idan aka haɗa su, darasin a fili yake: sallamar da ta yanke jinya tana kisa, zaman da babu jinya a cikinsa shi ma yana kisa. Lissafin kwana kaɗai ba ya gaya maka wanne ne ya sami mahaifiyarka.

Idan muka dawo gida, tambayar ta ƙara nauyi. Muna da asibitoci masu yin wannan aiki, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, ga asibitocin koyarwa a manyan biranenmu. Amma a bincika dogon zaman da tsofaffinmu ke yi, a ga kwana nawa ne na jinya, nawa ne na jira. Sati biyu sun tafi a gida ana shafa magani ana cewa targaɗe ne. Wasu makonni sun tafi a wurin ɗori. Da aka iso asibiti, sai jiran kuɗin ƙarfe, jiran ɗan'uwan da ke Legas ya turo nasa kason, jiran masu ba da jini, jiran ranar da layi zai zo. Duk wannan lokaci tsohuwa tana kwance an rataya wa ƙafarta nauyi. In an tambaya sai a ce, alhamdu lillahi, tana asibiti ana kula da ita, wata ɗaya ke nan. Wannan watan shi ne ya cinye tsokarta ya huda bayanta. Kuɗin gado da abinci da zirga-zirgar da aka kashe a cikinsa, da an tara su a makon farko, da sun rage wani abu mai yawa daga kuɗin aikin. Na san talauci gaskiya ne, ba kuma kowane gida ne zai iya fitar da kuɗin tiyata a kwana biyu ba. Abin da nake cewa shi ne dangi su ɗauki karayar ƙugu yadda suke ɗaukar naƙudar da ta gagara, a buga waya a daren, a haɗa abin da za a haɗa, kada a bari sai an gama shawara a ƙarshen wata.

Wasu kan ce ai Baba ya tsufa, ba zai jure tiyata ba. Akwai waɗanda hakan gaskiya ne a kansu, kuma likitan da ya auna zuciya da ƙoda da jini shi zai faɗa. Amma shekaru kaɗai ba sa hana aikin, ana yi wa 'yan shekara casa'in, sau da yawa da allurar baya ba tare da an sa su barci ba. Wanda ake tsoron ba zai jure aikin awa ɗaya ko biyu ba, ta yaya zai jure wata uku a kwance, kowane juyi da kowane tsarki sai ya yi ihu?

Inda nake tare da masu tsoron sallama ɗari bisa ɗari shi ne a nan: mu ba mu da waɗancan cibiyoyi na Amurka a kowace unguwa. Wanda aka sallama a Kano ko Zariya ko Maraɗi, gida zai koma, kuma gidan shi ne cibiyar. Saboda haka iyali suna da haƙƙin su tsaya su yi tambaya, sai dai a canza tambayar. Maimakon "kwana nawa za ta ƙara?", a ce: likita, ta iya tashi daga gado zuwa kujera da taimakon mutum ɗaya? Tana ci tana sha? Hankalinta ya dawo daidai? An cire robar fitsari? Wurin ɗinkin a bushe yake? Wane magani za ta ci gaba da sha don raɗaɗi da hana daskarewar jini, kuma har yaushe? Wa zai koya mana motsa ta, yaushe za mu dawo? Idan amsoshin ba su gamsar ba, a nemi ƙarin kwana da hujja, babu likitan kirki da zai ji haushin wannan. Idan sun gamsar, riƙe ta a gado ba gata ba ne.

Sannan a gyara gidan kafin ta iso. Tsohuwar da ta saba kwana a katifa a ƙasa tana buƙatar gado mai tsayin da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa. Masai na tsuguno ba nata ba ne yanzu, kafinta zai iya huda kujera mai ƙarfi a ɗora a kai. A naɗe tabarmar da ke tsakar ɗaki, a duba dokin ƙofa, a sa fitila a hanyar makewayi, a daina barin ruwan alwala yana kwanciya a kan siminti, domin a irin wuraren nan ne akasari aka faɗi tun farko. Salla a zaune a kan kujera halas ce ga mai uzuri, malamai sun yi bayani, kada a bar ta ta matsa wa kanta da sujada a ƙasa kafin likita ya yarda. A ba ta ƙwai da wake da nono da kifi gwargwadon hali, kunu kaɗai ba ya gina tsoka. A fito da ita hantsi. A kuma tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashi, saboda wadda ƙashinta ya karye daga faɗuwar tsaye, ƙashin ya riga ya zaizaye, ɗaya ƙugun ma yana cikin haɗari. Mafi wuya a cikin duka shi ne a bar ta ta yi abin da za ta iya da kanta. Jika ya miƙo buta, suruka ta kawo abinci har baki, kowa yana neman lada, ita kuwa ƙafar tana mutuwa. Ladan yana nan ga wanda ya riƙe hannunta ya zaga tsakar gida da ita safe da yamma.

Ga 'yan'uwana masu jinyar iyaye, idan Allah ya kawo wannan jarrabawa gidanku: ku kai su asibitin da ke da likitan ƙashi a ranar, ku nemi a ɗauki hoto, ku matsa a yi aiki da wuri, ku ba mai gashin ƙashi hanya idan ya zo da safe, kuma kada ku karɓi takardar sallama sai an nuna muku yadda za ku ci gaba da jinyar a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada.